Ƙofar Bushiya

A bayan gida na sha huɗu, layinmu, gefen Sheffield,
akwai wani fili da ba na kowa ba.
Ƙaya, ciyawa har gwiwa, kududdufi mai kwaɗi,
da tsohon itacen da iska ta kayar
tun kafin a rufe masana'antar ƙarfen da ta cinye ƙuruciyata.
Yara suna ce masa Daji.
Dajin da za ka ƙetare kafin shayinka ya huce.

Ran Talata aka kira taro a zauren coci.
Mista Hepworth ya zo da taswira da igiyar awo,
ya ce mota ashirin da biyu za su kwana a nan
in an share, in an malala kwalta.
Gaskiya ya faɗa, ban musa ba.
Ni ma 'yata in ta zo, can bakin titi take ajiye tata,
ta tako da jariri cikin ruwan sama.

Sai Dorothy Ackroyd ta miƙe.
Shekara goma sha ɗaya ko gaisuwa ba ta haɗa mu,
kan shingen katakon da ya ci mini taku ɗaya.
Ta buɗe wani littafi da ya sha hannu,
ta karanta, murya na rawa:
Bakwai ga Afrilu, bushiya biyu, goma na dare.
Sha tara ga Mayu, uwa da 'ya'ya huɗu.
Uku ga Yuni, ɗaya a kan titi. Na binne ta.
Shekara tara tana wannan ƙirge,
ba wanda ya sa ta, ba wanda ya sani.

Hannu sha tara, hannu sha bakwai.
Nawa na cikin sha taran.
Ba don ita na ɗaga ba, haka na gaya wa kaina.

To, amma bushiya ba ta san takardar fili ba.
Dare ɗaya sai ta zaga gida goma
tana neman tsutsa da dodon-koɗi,
mu kuwa mun toshe kowace kusurwa
kamar masu jiran yaƙi.
Daji ya tsira, ga mazaunansa a kurkuku.

Asabar da safe na ɗauko zarto.
Gwiwata ta yi ƙara kafin katako ya yi.
Na durƙusa gindin shingen nan
da na rubuta wa hukuma wasiƙa shida a kansa,
na yanka ƙofa, faɗin tafin hannu.
Ta ramin na hango takalmin Dorothy.
Ta ce, ɗan ƙara, masu ciki ba za su wuce ba.
Na ƙara.

Yau ƙofa ashirin da shida ce a layin.
Hepworth ma ya yanka tasa, da awo, cif-cif,
wai jikarsa ce ta hana shi sakat.
Mun daina zuba maganin ƙwari.
Kabejina ya sha cizo, na ci saura.
Busasshen ganye mun bar shi tsibi a gindin bango,
wanda ya ga ƙazanta ya kau da kai.

Jiya, bayan goma, ina zaune cikin duhu, bargo a kafaɗa,
na ji numfashi, fus, fus,
kamar tsoho yana hawan tudu.
Ta ɓullo daga wajen Dorothy, ta tsaya,
hanci sama, ba sallama, ba godiya,
ta sha ruwan da na zuba a murfin tukunya,
ta bi ƙarƙashin kujerata
ta nufi Daji.

Na ƙwanƙwasa shinge sau biyu.
Daga can aka ce, na gan ta.
Sai motsin alƙalami a kan takarda.

'Yata har yanzu a bakin titi take ajiye mota.
Na saya mata lema babba.
Taku ɗayan nan kuma, na Dorothy ne ko nawa,
mai shi ta wuce ta kansa ɗazu,
da ƙafa huɗu.